Rigar Ulun da Na Wanke

Tana nan rataye a bayan ƙofar ɗakina yanzu da nake wannan rubutu. Riga ce ta ulu mai kauri, launinta tsakanin toka da ganye, an yi mata faci da fata a gwiwar hannun hagu. Na daɗe ina jinkirin ba da labarinta, domin ban tabbata zan iya yi wa kowa adalci a ciki ba, har da ni kaina. Amma abokaina na gida suna yawan tambayata yadda zaman Amurka yake, ni kuwa duk sa'ad da na buɗe baki wannan riga ce take fara faɗo mini. Aboki ɗaya tak na samu a ƙasar nan, a dalilinta kuma na rasa shi. Zan faɗa gwargwadon abin da nake iya tunawa. Inda na kuskure, Allah Ya yafe mini.

Germantown

Da na gama digiri na biyu a fannin lantarki, na sauka a garin Germantown na jihar Maryland da takardar izinin aiki a hannu, amma babu aikin. Wanda ya karɓe ni wani mutumin wajenmu ne da kowa ke kira Oga Bala. Ya ce duk manajojin kamfanonin da ke bakin babbar hanya a tafin hannunsa suke, in kwantar da hankalina. Wata huɗu na yi ina kwana a falonsa, ina rubuta masa wasiƙu, ina cike masa takardu. Kullum na tambayi maganar manajan da zai haɗa ni da shi sai ya ce, "Haba Injiniya, gaggawa aikin shaiɗan ce. Mutumin ya ɗan yi tafiya ne." Har na bar gidan, mutumin bai dawo daga tafiyar ba. Ba na so in ce ƙarya ya yi mini. Wataƙila akwai manajan. Ni dai ban gan shi ba.

Oga Bala ne kuma ya sayar mini da rigar sanyina ta farko, baƙa mai sheƙi, a kumbure kamar an hura mata iska. "Da irin wannan ake zuwa Alaska," in ji shi. Ranar da sanyin gaske ya sauko ina tsaye a tashar jirgin ƙasa, iska ta ratsa ta kamar rariya. Ga ta da surutu. Motsi kaɗan sai ta yi ƙara kamar ana murza leda. A masallaci, da an sallame, sai na kusa da ni ya ɗan dube ni ta gefen ido.

A wannan falo ne aka bugo mini waya cewa Baba ya rasu. Ban je ba. Wasu sun ce in na fita da irin takarduna komawa za ta yi wuya, wasu sun ce ba komai. Na kwana uku ina auna maganganun biyu, alhali tun ranar farko an riga an kai shi makwancinsa.

Sterling

Aikin da na samu daga baya a garin Sterling ne, a jihar da ke maƙwabtaka, a ɗaya daga cikin manyan gidajen nan marasa taga da ake tara na'urorin ajiyar bayanai. Ina jan waya, ina cire abin da ya lalace, ina sa sabo. Ba aikin da na karanta ba ne, amma halal ne. Na kama ɗaki a gidan Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi, direba a filin jirgin sama, da matarsa Hajiya Ramatu. Ita ce ta fara tambayata ko na ci abinci tun da na shigo ƙasar.

"Ɗiyana, mi ya same ka ka rame haka kamar sillen kara? Zamna. In ba ka cinye tuwon ga ba, ba ka tashi."

A wurin aiki kuwa wata shida babu wanda ya san sunana sosai. Ana gaisawa a tsaye, ana wucewa. Wata rana lokacin hutun cin abinci na ga wani dattijo Bature, mai gyaran na'urorin sanyaya gini, yana zaune a bayan motarsa yana goga wa wata igiya kakin zuma. Ban san lokacin da na tsaya ba. Na ce masa da Turanci, "Wannan tsirkiyar baka ce."

Ya ɗago kai. "Shekara goma sha wani abu ina wannan a nan, kai ne na farko da bai ce igiyar takalmi ba ce. A ina ka sani?"

Na gaya masa. Mahaifina maharbi ne a ƙasar Ningi, kakana ma haka. Ni ne na farko a gidanmu da ya bar baka ya kama biro. Abin da ban gaya masa ba shi ne, na girma ina jin kunyar sana'ar. Baba yana da wata rigar farauta, taguwa rinanniya da saiwa, an ɗinke ta da layu, tana warin hayaƙi da daji da tsohon jini. Ba a taɓa wanke ta ba, kuma ya hana a wanke. Ranar da ya zo duba ni a makarantar kwana da ita a jikinsa, na ja shi bayan ɗakin girki muka gaisa a can. Ina ganin ya gane dalili. Bai sake zuwa da ita ba.

Sunan dattijon Walter. Na yi ta kiransa Mista Walter yana cewa in yar da Mistan nan, shi ba lauya ba ne. Na ce a wurinmu ba a kiran sa'an uba da gatsal. Ya ce to yaya ake yi? Na ce sai dai Baba. Ya maimaita kalmar sau biyu, ya ce ta fi Mista daɗin ji. Daga ranar ya zama Baba Walter.

Gidansa yana can yamma, inda gari ya ƙare duwatsu suka fara. Matarsa ta rasu, shi kaɗai ne sai kare. Kowace Asabar nakan je mu harbi damin ciyawa a bayan gida da bakan itace, irin wanda ba shi da ƙarfe ko madubin saiti. Hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. Bayan harbi ya dafa shayi, ya kawo kifi domin ya lura ba na cin namansa, ya shimfiɗa mini tawul mai tsabta in yi Azahar. Ba mu cika magana ba. Amma duk mako, wannan Asabar ɗin nake jira.

Da kaka ta yi ya ce zai kai ni farautar barewa a dajin wani abokinsa. Na nemi takardar izini. Na tambayi malamai biyu a masallaci kan hukuncin abin da aka harba da kibiya, domin na ji tsoron ko na farkon bai fahimci tambayata ba. Sannan na je gidansa da rigar Oga Bala a jikina.

Ya ce, "Ɗaga hannunka."

Na ɗaga. Rigar ta yi kukanta.

"Habib, da wannan ko barewar da ke Maryland sai ta ji zuwanka. Cire. Gobe za mu nemi ulu."

Annandale

Ya kai ni wani kantin gwanjo a Annandale, ya ce sabuwar rigar ulu ta kirki ba ta talaka ba ce, tsohuwa kuma ta fi. A can ya koya mini yadda ake zaɓe, kuma har yau ban manta ko ɗaya ba. Ka goga hannun rigar da ɗan'uwansa a kusa da kunnenka. In ka ji ƙara, ajiye. Ka sa tafinka a ciki ka hura iska ta waje. In iskar ta taɓa tafin, saƙar ba ta da ƙarfi. Ka duba takardar wuya, domin da yawa ulun suna ne kawai, rabi roba ce. Ya ce auduga in ta sha zufa sai ta koma ƙanƙara a jikin mutum, ulu kuwa ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi, shi ya sa tunkiya ba ta neman laima.

Mai baka kuma yana da tasa matsalar. Ka sa rigar, ka miƙe hannun hagu, ka ja na dama har kunci kamar kana ɗana kibiya. In kafaɗa ta riƙe ka, ba taka ba ce. In hannun rigar yana da faɗi, tsirkiya za ta doke shi kibiya ta kauce. In akwai aljihu mai murfi ko babban maɓalli a ƙirji, shi ma zai kama ta.

Na gwada riga ta fi goma, ina tsaye a tsakiyar kanti ina jan bakan da babu shi, wata tsohuwa 'yar Koriya tana kallona ta saman tabarau. Ni dogo ne siriri. Wadda ta kai mini wuyan hannu sai ta yi mini buhu, wadda ta kama jikina sai hannunta ya tsaya a rabin hanya. Akwai ɗaya da na ce wataƙila za ta yi. Baba Walter ya ce, "A daji babu wataƙila."

Muka koma gidansa. Ya shiga ciki ya daɗe. Sannan ya kira ni wani ɗaki da ban taɓa shiga ba, ya buɗe akwatin katako, ya fito da ita.

"Ta Danny ce," ya ce. "Ɗana. Tsayinku ɗaya. Shekara tara ke nan da ciwo ya ɗauke shi. Shi ne na ƙarshe da ya sa ta."

Kafin ya miƙo mini sai ya kai wuyan rigar fuskarsa, ya ɗan tsaya. Na ɗauka yana duba ko asu ya ci ta ne, ko ta yi funfuna. Wallahi abin da na ɗauka ke nan.

Na ce ba zan iya karɓa ba. Ya ce aro ne, zuwa ƙarshen farauta. Na sa. Ta zauna mini kamar an auna. Tana da wani wari, ba mai muni ba, na hayaƙin itace da ganye da jikin mutum.

"Kada sabulu ko turare ya kusance ta," ya ce. "Hancin barewa ya fi idonta. Ka ajiye ta a jaka ita kaɗai."

Daji

Sau huɗu muka fita. Na ƙarshen ne nake so in faɗa. Gari yana wayewa muka zauna a gindin wata bishiya da ta faɗi, shi a can gefe, ni a nan. Aka fara yayyafi mai haɗe da ƙanƙara. Yatsun ƙafata suka mutu, hancina yana zuba, amma ƙirjina da bayana suna cikin ɗumi kamar an rungume ni. Ruwa ya tsaya a kan ulun ƙwaya-ƙwaya. Na motsa hannu, shiru. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa zama cikin sanyi ban ji ana korata ba sai ranar.

Can da hantsi sai ga barewa, namiji, yana tafe yana shinshina ƙasa. Ya tsaya kamar taku ashirin daga inda nake. Na yi bisimilla a zuciya, na ja tsirkiya har kunci. Rigar ba ta riƙe ni ba, ba ta yi ƙara ba. Amma akwai wani siririn reshe tsakanina da haƙarƙarinsa. Na ce a raina zai yiwu kibiyar ta wuce, zai yiwu kuma ta goge shi ta shiga ciki ko cinya, dabba ta tafi da ciwo ta mutu a inda ba za a gan ta ba. Na riƙe tsirkiyar ina duban reshen. Sai na sassauta. Ya ɗaga farar jelarsa ya shige.

Na zaci Baba Walter zai yi faɗa. Ya zo ya tsaya inda nake, ya dubi reshen.

"Babanka ne ya koya maka haka?"

Na ce ban sani ba. Wataƙila tsoro ne kawai.

"A'a. Na san tsoro. Danny sai da ya yi shekara uku kafin ya iya barin kibiya a hannu." Ya dafa kafaɗata, ya bar hannunsa a kan rigar ya ɗan jima.

Duk rayuwata ana yi mini faɗa a kan yawan taka-tsantsan. Ranar ce kaɗai aka yaba mini shi.

Komawa Sterling

Farauta ta ƙare, lokacin mayar da aro ya yi. Na fito da rigar daga jaka na shimfiɗa a kan gado. Akwai taɓo a gefenta, ganye a aljihu, ga zufata ta kwana huɗu a hammata. A wurinmu ko kwano ka ara ba ka mayar da shi da ƙanzo, balle tufa. Na tuna maganar sabulu, amma na ce ai saboda barewa ce, barewa kuwa an gama da ita sai baɗi. Na ɗauki waya in tambaye shi, na ajiye. Na ga kamar in na tambaya zai ce kada in wahalar da kaina, ya zama na ɗora masa aikin da yake nawa. Kwana uku ina wannan saƙa da warwara.

Hajiya Ramatu ta gan ni da ita a falo.

"Kai, haka za ka maida wa bawan Allah rigar ɗiyansa? Da warin daji? Ya ce mu ba mu da tarbiyya? Kawo in jefa a inji."

Na hana ta. Na riga na karanta cewa ruwan zafi da inji suna tsuke ulu. Na sayo sabulun da aka yi musamman domin ulu. Na tara ruwan sanyi a bahon wanka, na jiƙa ta, ina dannawa a hankali ba murzawa. Ruwan farko ya fito ja-ja-ja kamar shayi. Na sake, na sake, sai da ya fito fari tas. Ban matse ta ba, na naɗe ta a tawul, na shimfiɗa ta a kwance kwana biyu nesa da wuta. Na auna hannunta kafin wanki da bayan wanki, bai ragu ko da faɗin yatsa ba. Ban taɓa yin wani aiki da kula kamar wannan ba.

Da ta bushe Hajiya ta ce saura abu ɗaya. Ta fita baranda saboda ƙararrawar hayaƙin gidan, ta hura gawayi a kasko, ta zuba turaren wutar da take ɓoyo wanda ƙanwarta ta aiko mata daga gida, ta kifa kabbasa, kwandon nan na turara kaya, ta lulluɓa rigar a kai. Na ce anya kuwa, Hajiya? Ta ce, "Wanda ya yi maka alheri da turaren baƙi ake sallamarsa." Alhaji Isuhu yana daga ciki yana dariya, yana cewa shi shekara talatin ba a taɓa turara masa riga da wannan ba. Ba na ɗora mata laifi. Abin da za a lalata na riga na lalata shi a baho.

Ranar Asabar na kai masa, a ninke cikin sabuwar jaka. Ya tare ni a bakin ƙofa yana murmushi, kare yana kaɗa jela. Ya zaro rigar. Ya kai wuyanta fuskarsa, kamar yadda ya yi ranar farko.

Ya daɗe a haka. Ya juya ta ya shinshina ciki, ya shinshina hammata, ya shinshina bakin hannu. Sannan ya zauna a kan matakala.

"Ka wanke ta."

Na soma bayani. Ruwan sanyi ne, ban sa a inji ba, ba ta tsuke ba, na auna. Ina cikin magana na ji abin da nake faɗa, na yanke bayanin.

"Na gani," ya ce. "Ka wanke ta da kyau." Muryarsa babu faɗa a ciki, da ma akwai da ya fi mini sauƙi. "Ka san da ka sa ta, na yi tsoron warinka zai rufe nasa. Bai rufe ba. A daji da na dafa ka, na ji ku duka biyun."

Na durƙusa a gabansa kamar yadda ake yi a gida, na ce ya yafe mini. Ya ce in tashi, ƙasa da sanyi, babu abin yafewa, ya san alheri na nufa. Ya ninke rigar ya ɗora mini a hannu.

"Ka riƙe. Riga ce mai kyau, za ta yi maka shekara ashirin. Yanzu riga ce kawai."

Ranar ba mu yi harbi ba. Asabar ta gaba ya ce yana mura. Ta gaba ya ce zai je wurin ƙanwarsa. Daga nan ban sake tambaya ba, shi ma bai sake gayyata ba. A wurin aiki muna haɗuwa a hanya, ya ɗaga mini hannu, ya tambayi lafiyata. Ban san ranar da na koma kiransa Mista Walter ba, kuma bai gyara mini ba. Da bazara ya yi ritaya, ya sayar da gidan, ya koma can kudu kusa da ƙanwar tasa. Na rubuta masa saƙo sau biyu. Na farko ya amsa da gajeriyar godiya. Ba na jin fushi yake yi. Ina ganin dai in ya gan ni, abin da babu shi yake tunawa.

Bayan tafiyarsa da 'yan kwanaki na bugo wa Inna waya. Muka gaisa, ta tambayi sanyi, ta tambayi aiki. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Inna, rigar nan ta Baba, ta farauta. An bayar da ita sadaka tare da sauran kayan?"



"Tana nan a ɗakinsa, a kan ƙusa."

"An wanke ta?"

"Wa zai wanke ta?" Ta gyara murya. "Ba mai taɓa ta. Ni dai nakan ɗan shiga da hantsi, in yara sun fita, in duba ko asu bai ci ta ba."

Na ce to, Inna. Na ce a ci gaba da dubawa.